Filin Tambaya da Amsa: Wanzamin Teku, Ɗan Kifin da Manya Ke Buɗe wa Baki

A 'yan makonnin nan wani gajeren hoton bidiyo ya yi ta yawo a wayoyin jama'a ta WhatsApp, inda ake ganin wani ƙaton kifi ya tsaya cik a ƙarƙashin ruwa ya wangame baki, wani ɗan ƙaramin kifi mai ratsin baƙi da shuɗi kuma yana shiga yana fita kamar ɗakin uwarsa. Wasiƙu da saƙonni da dama sun iso wannan fili a kansa, akasarinsu daga ƙauyukan Kano da Jigawa, saboda haka na ware fitowar wannan wata domin amsa biyar daga cikinsu, waɗanda suka tattaro abin da sauran suka tambaya.

Tambaya ta farko, daga wani dattijo masunci a yankin Kiri Kasamma, wanda jikansa ya rubuta masa:

"Malam, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na fi shekara 40 ina su a kogin Haɗejiya da fadamunsa, kuma abin da na sani shi ne ƙaramin kifi abincin babba ne, domin sau da yawa nakan farke cikin giwan ruwa in tarar da karfasa ɗungurungum. To, wannan da jikana ya nuna mini gaskiya ne, ko haɗin kwamfuta ne irin na yaran zamani? In gaskiya ne, me ya hana babban haɗiye shi, kuma me ya sa ban taɓa cin karo da irinsa a komata ba?"

Amsa: Baba, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana. Abin da ka gani gaskiya ne, kuma masu nutso a teku suna ganin sa kullum, tun kafin a ƙirƙiro wayar hannu. Masana kimiyya suna kiran wannan kifi Labroides dimidiatus, amma tun da ba shi da suna a Hausa, zan kira shi wanzamin teku, domin sana'ar da yake yi ke nan. Tsawonsa yawanci bai wuce santimita 10 ba, wato kamar dogon yatsan tsakiya na namiji, mafi girmansu kuma yakan kai wajen santimita 14. Jikinsa siriri ne, yana da baƙin ratsi da ya taso daga baki ya ratsa ta ido, yana ƙara faɗi har ya kai wutsiya, sama da ƙasan ratsin kuma fari ne ta wajen kai, ya rikiɗe zuwa shuɗi mai haske ta wajen wutsiya. Ana samun sa a ɗumammen ruwan gaɓar teku, tun daga Bahar Maliya, wadda alhazanmu ke gani a Jidda, da gaɓar Kenya da Tanzaniya, har zuwa Indunusiya da Ostareliya da kudancin Jafan da tsibiran Tekun Fasifik.

Dalilin da ya sa bai taɓa faɗawa komarka ba shi ne gidansa. Yana zaune ne a cikin duwatsun murjani, waɗanda ba duwatsu ba ne tun asali, gini ne na wasu ƙananan halittu masu taushin jiki, da yawansu ba su fi ƙwayar dawa ba. Kowace takan tsotso sinadarin farar ƙasa daga ruwan teku ta gina wa kanta ɗan mazauni mai tauri, idan ta mutu 'ya'yanta su ɗora nasu a kan nata, a haka har a shafe dubban shekaru, kamar dai yadda gara ke tayar da suri, sai dai wannan surin na ƙarƙashin ruwa ne, kuma wanda ke gabashin Ostareliya ya kai tsawon kilomita 2,300. A cikin naman waɗannan halittu akwai wata irin gansakuka da ido ba ya gani, wadda ke haɗa musu abinci da hasken rana, don haka ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri mai ɗumi, garai-garai, marar zurfi sosai, inda rana ke ratsawa har ƙasa. Bahar Maliya ta dace da su ƙwarai saboda babu wani kogi mai gudu rani da damina da ke kwarara cikinta ya kawo laka. Gaɓar tekun Nijeriya kuwa, mai tsawon kimanin kilomita 850, kogin Neja da sauran koguna suna juye mata laka da ruwan daɗi ba dare ba rana, shi ya sa ko a Legas ko Fatakwal ba a samun irin waɗannan manyan gine-ginen murjani, balle a Haɗejiya. Shi kansa wanzamin ma ba ya cikin Tekun Atalantika baki ɗaya. Jan murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya dangin wannan ne, amma wani iri ne dabam da aka fi samowa daga Bahar Rum, kuma ba shi ke yin wannan gini ba.

Yanzu sai batun sana'ar. Masu nutso, waɗanda ke goya tukunyar iskar shaƙa a baya, su sanya gilashi a fuska da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, sun lura cewa wanzamin ba ya yawo barkatai. Yana da wuri guda, wani dutse ko wani lungu, inda yake wayar gari ya wuni, daidai da wanzamin kasuwar ƙauye da kowa ya san gindin bishiyar da yake shimfiɗa tabarma ya ajiye zabira. Kifayen yankin sun san wurin, sukan zo su yi cirko-cirko suna jiran layi. Wanda layi ya zo kansa yakan tsaya cik, ya baje fukafukansa, ya buɗe baki da marfin gefen kansa inda jajayen sassan numfashi suke, wani ya miƙe tsaye kai ƙasa wutsiya sama, wani ma har launin jikinsa ya sauya. Shi kuwa wanzamin sai ya bi jikin nan lungu-lungu yana tsince ƙwarin da suka maƙale, da mataccen ɓawo, da ruɓaɓɓen naman bakin rauni, ya shiga tsakanin haƙora ya fito ta gefen kai.

Ƙwarin da ya fi ci wasu ne ƙanana da za a iya kira kaskar teku, waɗanda ke fitowa daga ƙasan ruwa, musamman da dare da kuma asuba, su maƙale wa kifi su sha jini su sauka. Wata masaniya mai suna Alexandra Grutter, ta Jami'ar Queensland a Ostareliya, ta daɗe tana bin waɗannan kifaye a wani tsibiri da ake kira Lizard, kuma ta ƙididdige cewa wanzami guda yakan duba kifi kusan 2,300 a wuni ɗaya, ya cinye ƙwari kimanin 1,200. Ba ta tsaya a ƙidaya ba, tun da sai an gwada akan san na ƙwarai. Daga shekarar 2000 ita da abokan aikinta suka riƙa kwashe wanzaman daga wasu duwatsun murjani, suka bar su a wasu, kuma bayan shekara takwas da rabi suka tarar cewa kifayen da ke zaune a wuraren da babu wanzami sun ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku, wasu ire-irensu kuma ba su kai girman 'yan'uwansu na ɗaya ɓangaren ba. Wannan sakamako ne ya fi ratsa ni a duk abin da na karanta game da kifin nan, domin halittar da ba ta cika tafin hannu ba ita ce ke riƙe da lafiyar unguwa guda.

Saura tambayarka ta tsakiya: me ya hana babban haɗiye shi? Ka san ko mai rawani yakan sunkuyar da kai ga wanzami, ya miƙa masa maƙogwaro alhali yana riƙe da aska. A teku haɗarin ya juya, mai askin ne ke shiga bakin wanda ake yi wa, amma ribar da ta ɗaure su iri ɗaya ce. Idan babban kifi ya haɗiye wanzami, loma ɗaya ya samu wadda ba za ta kai masa ko'ina ba, ya kuma rasa mai raba shi da masu shan jininsa gobe da jibi. Sa'an nan akwai alamun da suke gane juna da su. Baƙin ratsin nan da shuɗin launi tamkar zabira ce a kafaɗa, kowa ya gani ya san mai sana'a ne, kuma yana da wata rawa da yake yi, yana ɗaga bayansa sama da ƙasa yayin da yake tunkarar baƙo. Idan ya zo ga kifi mai farauta, yakan yawaita shafa shi da ƙananan fukafukansa na ƙirji da na ciki, abin da ke kwantar wa babban da hankali. Shi ma babban, idan ya gaji ko ya hango abin tsoro, yakan ɗan tsuke baki ko ya girgiza jiki tukuna, wanzamin ya fito, sa'an nan ya rufe ya tafi. Abin da ka sani game da giwan ruwa da karfasa yana nan daram a teku ma, Baba, domin wannan ƙaton da ka gani a waya, da zarar ya bar wurin aski, zai haɗiye duk wani ƙaramin kifin da ya gifta masa.

Tambaya ta biyu, daga wani matashin makiyayi a yankin Maigatari:

"Malam, da na ga bidiyon sai carki ya faɗo mini a rai. Mu dai mun san carki yana cire wa shanu kaska, amma mun kuma san idan ya sami miki a jikin sa ba ya barin sa ya warke, sai ya yi ta tono yana shan jini. Shi ma wannan kifi haka yake, ko shi aikinsa tsarkakakke ne?"

Amsa: Ɗan'uwa, ka harbi inda ya dace, kuma abin da idonka ya gane a bayan shanu shi ne abin da masana suka shafe shekaru suna bincike a ƙarƙashin ruwa. Na taɓa tsayawa a karar Maigatari wata ranar Alhamis ina kallon wani carki maƙale a tozon wani farin bijimi. Ya fara da kunne, bijimin ya langaɓar da kai yana lumshe ido, amma da ya gangaro kan wani ɗan miki da igiya ta yi a wuya ya kafa baki, nan take bijimin ya karkaɗa fata ya kai masa duka da wutsiya. Wannan karkaɗa fata tana da takwararta a teku.

Abin da ya fi yi wa wanzamin teku daɗi ba ƙwarin ba ne. Ka san yauƙin nan da ke jikin kifi, wanda ke sa tarwaɗa ta suɓuce daga hannu? Wannan yauƙi garkuwa ce da ke kare kifi daga cututtuka, kuma jiki yana wahala kafin ya samar da shi, to shi ne abincin da wanzamin ya fi so idan aka ba shi zaɓi. Saboda haka yana cikin tsintar ƙwari sai ya faki ido ya gatsi lafiyayyen jiki, kifin da ake yi wa aiki kuma ya zabura, kuma da wannan zabura ce masu bincike ke ƙirga yawan ha'incin. Wani masani mai suna Redouan Bshary, na Jami'ar Neuchâtel a ƙasar Suwizalan, wanda ya yi dogon aiki a Ras Muhammad, can ƙarshen zirin Sina'i na Masar a bakin Bahar Maliya, ya gano cewa wanzamin ba ya yi wa kowa ha'inci daidai wa daida. Kifaye masu farauta kusan ba ya taɓa cutar su, kuma dalilin a fili yake. Kifayen da ke zaune a wurin, waɗanda ba su da wani wanzami sai shi, idan ya gatse su sukan fafare shi da gudu, kuma bayan wannan horo yakan gyara hali a haɗuwarsu ta gaba. Su kuwa manyan kifaye masu yawo daga wannan dutse zuwa wancan, waɗanda ke da zaɓi, idan ya cuce su ko ya bar su suna jira, sai su yi gaba su nemi wani, don haka yakan bar ɗan gida tsaye ya tari baƙo tukuna. Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai sana'a ranar kasuwa ya san wannan lissafi.

Akwai wani gwaji da Bshary da Grutter suka yi wanda ya cancanci a bayyana shi dalla-dalla. Sun sanya wanzaman a tankin ruwa, suka riƙa miƙa musu faranti mai abinci iri biyu, naman jatan lande da suke matuƙar so, da garin abincin kifi da ba su damu da shi ba. Muddin kifin yana cin garin, faranti yana nan, amma da zarar ya taɓa jatan landen sai a janye farantin, kamar yadda baƙo ke tafiya idan an gatse shi. Ba a daɗe ba wanzaman suka koyi danne kwaɗayinsu, suna fara cin abin da ba su so domin farantin ya daɗe. A wani binciken da suka wallafa a 2006 kuma, sun nuna cewa kifayen da ke jiran layi suna kallon yadda ake yi wa na gabansu, suna kauce wa wanzamin da suka ga yana sa baƙi zabura, shi kuma wanzamin yakan rage gatsa idan ya san ana kallon sa. A ganina, kuskure ne a ce wannan kifi mutumin kirki ne ko a ce macuci ne, domin waɗannan ma'aunai na masu hankali da hisabi ne. Abin da ake iya cewa shi ne amanar da ke tsakaninsa da baƙinsa ba ta tsayu a kan kyawun hali ba, ta tsayu ne a kan cewa baƙon yana iya kora, yana iya tafiya, kuma na bayansa suna gani. Bijiminka ba shi da wannan dama sosai a kan carki, tun da wutsiya ba ta kai ko'ina ba, shi ya sa ku makiyaya kuke rufe miki ko ku shafa masa magani.

Akwai kuma sojan gona. Wani kifi ne dabam, ba ma danginsu ɗaya ba, masana na kiran sa Aspidontus taeniatus, wanda ya yi kama da wanzamin a tsawo da launi da ratsi, har rawar ma yana kwaikwaya. Bambancinsa yana baki, domin nasa yana ƙarƙashin hanci, kuma yana ɓoye dogayen fiƙoƙi biyu a muƙamuƙin ƙasa. Idan baƙo ya saki jiki ya baje fukafukai, sai ya yagi yanki ya tsere rami. Ƙananan kifaye da ba su goge ba su ya fi yaudara, tsofaffi kuwa sukan gane shi su kore shi.

Tambaya ta uku, daga wata malamar kimiyya a makarantar sakandaren je-ka-ka-dawo a yankin Gwaram:

"Malam, wata ɗalibata ta ce ta ji cewa macen wannan kifi tana komawa namiji. Na ce mata zan bincika kafin in ba ta amsa."

Amsa: Malama, kin yi daidai da ba ki yanke hukunci ba, kuma ɗalibar taki ta ji daidai. Wanzaman teku suna zaune ne gida-gida, babban namiji guda da mata 'yan kaɗan a yankinsa, matan kuma suna da jerin girma, babba tana gaba da ƙarama. Wani masani mai suna Ross Robertson ya bayyana a 1972, bayan bincike a tsibirin Heron na Ostareliya, cewa idan namijin ya mutu ko aka ɗauke shi, macen da ta fi girma takan fara nuna halin namiji cikin 'yan sa'o'i, tana zagaya yankin tana iko da sauran, kuma cikin mako biyu zuwa uku sassan haihuwarta sun sauya har tana iya barbarar ƙwan sauran matan. Abin da ke danne wannan sauyi tun farko shi ne kasancewar namijin da matsin da yake yi musu. Har ma an lura cewa idan namiji da mace suna aiki tare a kan baƙo guda, macen ta gatsa baƙon ya gudu, namijin yakan fafare ta, ita kuma ta rage yin haka a gaba.

Ki bayyana wa ɗalibanki cewa wannan tsari ne da aka halicci wasu kifaye a kansa, ana samun sa a ɗaruruwan ire-iren kifin teku, a wasu ma namiji ne ke komawa mace, kuma bai shafi ɗan Adam ko dabbobin gida ba. Misali mafi kusa da su shi ne karfasa, wadda jinsinta ke iya karkata a kwanakin farko bayan ƙyanƙyasa, abin da ya sa manyan gonakin kifi ke ba 'ya'yanta abinci mai wani sinadari domin kusan dukkansu su fito maza, saboda maza sun fi saurin girma.

Tambaya ta huɗu, daga wani ɗalibin babbar sakandare a Ɓaɓura:

"Malam, an ce wannan kifi yana gane kansa a madubi. Ƙwaƙwalwar kifi ta kai haka?"

Amsa: Ɗana, ga abin da aka yi. Tun 1970 wani masani Ba'amurke mai suna Gordon Gallup ya ƙirƙiro wani gwaji, inda ake sanya wa dabba tabo a wurin da ba ta iya gani sai ta madubi, a ga ko za ta taɓa jikinta ko za ta ɗauka wata dabbar ce take kallo. Manyan birai irin cimfanzi sun ci wannan gwaji, haka ma an ruwaito game da giwa. A 2019 Masanori Kohda da abokan aikinsa na wata jami'a a birnin Osaka na Jafan suka wallafa sakamakon yin sa a kan wanzamin teku. Da farko kifayen sun yi ta kai wa madubin hari, daga baya suka koma yin wasu motse-motse a gabansa da ba su saba yi ba, har da iyo a kife. Da aka sanya musu ɗigo mai launin ƙasa-ƙasa a maƙogwaro, mai kama da ƙwaron da suke ci, sai suka riƙa duba madubi, su gangara su goga maƙogwaron a ƙasa, su dawo su sake dubawa, wato dai wanzami ba ya son jarfa. Ba su yi wannan guga ba sa'ad da babu madubi, ko sa'ad da ɗigon ba shi da launi.

Gallup da wasu masana ba su yarda cewa wannan ya tabbatar da sanin kai irin na biri ba, suna ganin kifin da rayuwarsa ta ginu a kan neman tabo a jiki dole ya fi kowa lura da tabo. Kohda kuwa ya ci gaba da gwaje-gwaje, kuma a 2023 ya ruwaito cewa kifayen da suka saba da madubi ba sa kai wa hoton fuskarsu hari, amma suna kai wa hoton baƙuwar fuska. Ni na fi karkata ga cewa mun daɗe muna raina ƙwaƙwalwar kifi, domin halittar da ke hulɗa da baƙi fiye da 2,000 a wuni, tana bambance mai farauta da marar farauta, ɗan gida da baƙo, ba za a ce ba ta riƙe komai a ka ba.

Tambaya ta biyar, daga wata Hajiya mai kiwon tarwaɗa a kusa da madatsar ruwa ta Tiga:

"Malam, kifayena sukan yi ta goga jiki a bangon tafki, wasu su yi miki su mutu. Ba za a iya sayo wannan wanzami a zuba musu ba?"

Amsa: Hajiya, tunanin naki ba baƙo ba ne a harkar kiwon kifi. A ƙasar Norwe, masu kiwon kifin salmon a kejin teku suna zuba wasu dangin wannan kifi na ruwan sanyi, tare da wani iri dabam, domin su cinye ƙwarƙwatar teku da ke addabar kifayensu, a rage amfani da magani. Sai dai a tafkinki ba zai yiwu ba. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, a Bahar Maliya ma ya kai wajen 40, jikin wanzamin kuma an tsara shi ne a kan shan wannan ruwa da fitar da gishirin. Idan aka jefa shi a ruwan Tiga, ruwa zai yi ta shiga jikinsa gishirin jininsa yana fita, kuma ba zai daɗe ba zai mutu, tun kafin a zo maganar sanyin hunturu ko duhun ruwan tafki, alhali shi da ido yake aiki. Tarwaɗa ma ba ta san ratsinsa ko rawarsa ba, loma kawai za ta gani. Ko masu ajiye kifin ado a akwatin gilashi mai ruwan gishiri suna shan wahalar rayar da shi, da yawa sukan rame su mutu saboda rashin isassun baƙi, kuma kowane ɗaya da aka kamo an bar wani dutsen murjani babu mai yi masa aiki, a daidai lokacin da ɗumamar ruwan teku ke sa murjanin korar gansakukar da ke ciyar da shi ya yi fari fat, kamar yadda ya faru a wurare da dama a 1998 da 2016 da 2024. Ba na goyon bayan wannan ciniki.

A tafkinki ke ce wanzamin. Gugar jiki a bango alama ce da ke yawan nuna ƙwari a fata ko a sassan numfashi, ko kuma ruwan ya gurɓace da kashi da ragowar abinci. Ki rage cunkoso, ki riƙa sauya ruwa a kan kari, kada ki zuba abincin da ya fi ƙarfin cinsu, kuma ki riƙa rarrabe manya da ƙanana, domin tarwaɗa tana cizon 'yar'uwarta, mikin cizon kuma shi ne ƙofar cuta. Sababbin 'ya'yan kifi da kika sayo ki ware su a wani mazubi na 'yan kwanaki kafin ki haɗa su da na gida, kada kuma ki yi amfani da raga ko bokiti ɗaya a tafki mai ciwo da mai lafiya. Bayan kowace kwasa ki zubar da ruwan, ki wanke tafkin, ki bar rana ta gasa shi sosai. Wankan ruwan gishiri na ɗan lokaci yana kashe wasu ƙwarin fatar kifin ruwan daɗi, amma yawan gishirin da tsawon lokacin sun danganta da girman kifin, don haka kada ki yi shi da ka. Ki ɗebi biyu ko uku daga cikin masu gugar jikin da ransu, a cikin ruwan tafkin nasu, ki kai wa likitan dabbobi ko malamin gona mai kula da kiwon kifi da sassafe, domin da zarar kifi ya mutu ƙwarin da ke jikinsa sukan sake shi, mai dubawa kuma ba zai tarar da abin da ya kashe shi ba.